Takardar ajiye aiki tana aljihuna: Baba, shin ina da zuciyar kasuwa?

Assalamu alaikum Baba. Ni magidanci ne, shekarata 32, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna zaune a Kano. Shekara bakwai ke nan ina aikin akawu a wani kamfani, albashina naira dubu 120. Kusan shekara huɗu nake sha'awar buɗe shagon kayan masarufi a unguwarmu, in riƙa saro kaya daga kasuwar Singa. Har littafi gare ni da nake rubuta farashin kaya duk sanda na shiga kasuwa. Da adashi da 'yan tare-tare na haɗa naira miliyan 1 da dubu 800. Mako uku da suka wuce maigidana ya ci mini mutunci a gaban yaran da ke ƙasa da ni, a kan kuskuren da ba nawa ba. A daren na rubuta takardar ajiye aiki, har yanzu tana aljihuna. Matata ta ce in dakata, na yi kwana biyu ban yi mata magana ba. Yayana kuma ya ce ba ni da zuciyar kasuwa, wai ga saurin fushi ga kunya, don ina bin mutane kusan dubu 240 na kasa tambaya. Abokina da muka yi makaranta tare yana sayar da waya a Farm Centre, bara ya sayi mota, ni har yau babur nake hawa. Baba, gaskiya yayana ya faɗa? Halin mutum yana hana shi kasuwanci? In miƙa takardar?

Ɗanka, daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Kafin komai, ka fitar da takardar nan daga aljihu. Ban ce ka yaga ba. Ka sa ta a ƙasan akwati, inda sai ka sauke kaya kafin hannunka ya kai gare ta. Takardar da aka rubuta da dare, ranar da aka ci wa mutum fuska, bai kamata ta riƙa yawo kusa da shi ba, domin ranar da maigidan ya sake ɗaga murya, hannu zai riga hankali isa aljihu. Alƙali ma an hana shi yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Kai kuwa hukuncin da kake shirin yankewa a kan tukunyar mutum huɗu ne.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karantawa sai in ji kamar mutum uku ne suka haɗu suka rubuta ta. Akwai mai littafi, wanda ya shekara huɗu yana shiga Singa yana rubuta kuɗin katan ɗin taliya da buhun sukari ba wanda ya aike shi. Akwai wanda aka tozarta, shi makonsa uku da haihuwa. Sannan akwai na uku da ya laɓe a ƙarshen wasiƙa, wanda ke kan babur yana kallon motar abokinsa. Dukansu abu ɗaya suke faɗa maka, ka buɗe shago, shi ya sa kake jin muryar ta yi ƙarfi har kake ɗaukar ta tabbaci. Amma a cikinsu mai littafin kaɗai ne zai iya buɗe ƙofa bayan asuba ya zauna har bayan isha'i, yau da gobe, har shekara. Fushi ba ya daɗewa. Wata biyu da barin aiki zai huce ya bar ka da kuɗin haya. Mai kallon mota kuma ganin kitse yake yi wa rogo. Ka ga motar, ba ka ga littafin bashin abokinka ba, ba ka kuma san daren da ya kwana bai runtsa ba saboda dala ta motsa kayansa suna hanya.

Ga yadda za ka rarrabe su. Ka ɗauka gobe maigidan ya tara yaran nan ya ba ka haƙuri a gabansu, ya ƙara maka dubu 30 a albashi, jibi kuma ka ji abokinka ya sayar da motar don ya biya dila. Idan bayan wannan duka zuciyarka tana nan a kan shago, to sha'awar ta gaske ce. Ni a ganina tana nan, don mutum ba ya ɓata shekara huɗu yana rubuta farashi a banza. Sai dai lokacin da kake son fita, wannan wanda aka tozarta ne ya zaɓa maka shi.

Wannan rarrabewa da muka yi, masana halayyar ɗan Adam suna da suna a kanta, abin da za mu iya kira basirar zuciya. Wasu malamai biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su suka tsara maganar a 1990, sannan Daniel Goleman ya yaɗa ta a duniya a 1995. Abin da suke nufi shi ne mutum ya iya gane abin da ke motsi a zuciyarsa ya kira shi da sunansa, ya san daga ina ya taso da inda zai kai shi, ya iya riƙe linzaminsa, kuma ya iya karantar abin da ke zuciyar wanda ke gabansa. Daga baya masu nazarin kasuwanci sun yi ta gwada wannan a kan ɗalibai da ma'aikata, suna neman ko yana da alaƙa da niyyar kafa sana'a. Abin da ya fi fitowa shi ne akwai alaƙa, kodayake ba mai girman da masu wa'azin arziki ke kururutawa ba, kuma yawanci ta hanya ɗaya take biyowa: wanda ya san zai iya shanye ɓacin rai, ya jure a ce masa a'a, ya kwana da rashin tabbas bai rikice ba, shi ya fi yarda cewa zai iya, wanda ya yarda zai iya kuma shi ya fi ƙulla niyya. Ka lura da kyau, niyya aka auna. Niyya daban, riba daban.

Mu dai ba sai an zo daga Amurka an gaya mana ba. Lokacin da ayarin fatake ke tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja saro goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, ba a ba wa mutum madugu don ya fi kowa ƙarfi. Ana ba wanda zai iya zama da sarkin da ya tare hanya yana neman fito su daidaita ba a zare takobi ba, wanda zai raba faɗan mutum biyu da yunwa da gajiya suka haɗa, wanda in tsoro ya kama shi ayari ba zai gani a fuskarsa ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka shahara a wannan fatauci, mutane kan ce a jininsu yake. Amma ka duba yadda suke yi: yaro tun yana ƙarami yake bin ayari, ya yi shekaru yana kallon yadda manya ke ciniki, yadda ake haɗiye magana, yadda ake bin bashi. Har gobe haka ake yi a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, yaro ya daɗe a ƙarƙashin maigida kafin a sallame shi. Abin da yayanka ke kira zuciyar kasuwa a nan ake ƙera ta. Don haka rabin maganarsa gaskiya ne, yau ba ka da ita. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauke ta kamar tsayi ko launin fata, abin da in ba a haife ka da shi ba shi ke nan.

Bari mu ɗauki fushin tukuna, don shi ya fi sauƙi. Kana tunanin in ka buɗe shago ka huta da maigida. Ɗana, yanzu maigida ɗaya gare ka, kuma ƙarfe biyar kuke rabuwa. A shago duk wanda ya tsaya a bakin kanta da naira ɗari biyu a hannu maigidanka ne. Mace za ta aiko yaro ya sayi madara, a buɗe a sha rabi, a dawo maka da ita wai ta lalace. Wani zai sa ka sauke katan huɗu, ya juya ya ce na shagon gaba ya fi araha, ya tafi ba ko sannu. Wani zai taya kayanka tayin wulaƙanci a gaban mutane, har ya ƙara da cewa ku 'yan kasuwa ba kwa tsoron Allah. Ga mai shago da zai ƙara haya, ga masu karɓar haraji, ga dilan da ya yi maka alkawarin kaya ya ba wani. Hausawa da suka daɗe a wannan harka sun tanadi kalma guda don irin wannan wuri: albarka. A taya maka kaya rabin kuɗinsa, ka ce albarka, fuska a sake. Ka ƙi sayarwa, kuma ba ka kori mutum ba, gobe zai iya dawowa. Duk wanda ya iya faɗin kalmar nan daga zuci alhali ransa na tafasa, ya ci rabin jarrabawar kasuwa. Wanda kuwa ya mayar da baƙar magana, to a unguwa yake, kafin magariba matan layi uku sun ji cewa mai sabon shagon nan ba shi da fara'a.

Maganin da aka ba mu tsoho ne kuma yana aiki: in fushi ya zo ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in ya ƙi ka tashi ka yi alwala. Abin da zan ƙara maka shi ne ka koyi jin zuwansa tun yana nesa. Kowa da inda nasa ke fara taɓawa. Wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wani muryarsa ke rawa, ni a wuya nake jin nawa. In ka gane alamar, kana da ɗan lokaci kafin baki ya kuɓuce, kuma wannan ɗan lokacin shi ne dukiyar.

Kunyar ce ta fi ba ni tsoro, kuma a kanta zan daɗe. Fushi yana korar kwastoma ɗaya-ɗaya, kunya kuwa jari take ci gaba ɗaya, a hankali, ana yi maka murmushi ana sa maka albarka. Kuma ka zaɓi wurin da ta fi ƙarfi, unguwarku, inda kowa ya san ka tun kana yawo ba wando. Ranar da ka buɗe za a cika ana taya ka murna. Mako na biyu gwaggonka za ta aiko a ba ta kwanon sukari da man gyaɗa kafin ɗanta ya turo kuɗi. Abokin mahaifinka zai tsaya ya ce a ba shi taliya katan ɗaya zuwa ƙarshen wata. Maƙwabcin da ya kai matarka asibiti da dare ranar haihuwa zai zo, to shi ta ina za ka fara hana shi? Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma babu wanda ya zo da niyyar karya ka. Taruwa suke yi su karya ka.

Na san abin da nake faɗa. Shekarun baya, bayan na bar koyarwa, na taɓa kasa atamfa da shadda. Wani surukinmu ya ɗauki kaya na biki, ya ce bayan sati biyu. Sati biyu suka zama wata takwas. Kullum in na hango shi a masallaci ni nake sauya sahu, kai ka ce ni na ci bashin. Ranar da na gaji na je gidansa, maimakon in yi maganar da ya kamata in yi tun watan farko cikin ruwan sanyi, sai na zazzage masa abin da na tara na wata takwas. Kuɗin ban same su duka ba, zumuncin kuma sai da manya suka shiga. Daga ranar na gane abin da nake so ka gane yau: fushina da kunyata ba halaye biyu ba ne, abu ɗaya ne mai kai biyu. Wanda ya kasa faɗin ƙaramar magana a lokacinta, haɗiye ta yake yi, ta taru, ta fashe a inda bai dace ba. Dubi naka. Ka kasa tambayar dubu 240. Ka kasa ce wa maigida, ranka ya daɗe, kuskuren nan ba daga teburina ya fito ba. Sai ka zo gida ka ɗaure wa matarka fuska kwana biyu, ita da ba ta ci bashinka ba, ba ta kuma zage ka a ofis ba. Haushin kaza, huce kan dami.

Kai akawu ne, don haka bari mu yi lissafi, ka ga kunya da farashinta. Ribar kayan masarufi siririya ce, yawan juyawa ke sa ta zama kuɗi. Mu ƙaddara a kowace naira ɗari da ka sayar, biyar ce taka. Idan mutum ɗaya ya riƙe maka dubu 50 bai biya ba, sai ka yi cinikin miliyan ɗaya cif kafin ka mayar da gurbinta, ba ka ci ko sisi ba. Dubu 240 da ke hannun mutane yanzu, a wannan ma'auni, ribar cinikin miliyan 4 da dubu 800 ce. Albashinka na dubu 120 kuma, kafin shago ya biya ka shi, sai kana cinikin miliyan 2 da dubu 400 a wata, wato dubu 80 kullum har ranar Juma'a, ba a cire haya da wuta da kuɗin dako ba. Ka sa naka alƙaluman daga littafinka, watakila ribar wasu kayan ta fi haka, amma ka yi lissafin da biro, kada ka yi shi da zuciya.

Hana bashi kwata-kwata a unguwa ba zai yiwu ba, kuma ban ce ka zama marar tausayi ba. An yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya, mai sauƙi in ya nemi haƙƙinsa. Ka lura, yana neman haƙƙin nasa, da sauƙi dai yake nema. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa lokaci ta sauka. Wanda duk ya ji haushi don ka buɗe littafi ka rubuta sunansa da ranar biya, ba da kai yake rigima ba. Tsofaffin 'yan kasuwa suna da dabarun da ke tsare mutunci su tsare jari. Wani yakan ware abin da zai iya bayarwa kyauta a wata, in gwaggo ta aiko ya ba ta rabin kwano ya ce wannan nawa ne, ba bashi ba. Ya san ya yi sadaka, bai zauna jiran abin da ba zai dawo ba. Wani yakan sa iyaka, ba a ɗora sabo sai an sauke tsoho, kuma kan kowa dokar take har ƙanensa. Wani yakan ce, wallahi Baba kayan na dila ne, gobe zai zo karɓar kuɗinsa, in dai gaskiya ne hakan. Duk cikinsu babu mai ɗaga murya. Sun dai koyi jure wannan ɗan nauyin da ke sauka a ƙirji lokacin da ka ce wa babba a'a yana kallon idonka. Nauyin minti biyu ne. Wanda ya guje masa yakan ɗauki na wata takwas.

Akwai kuma tsoro, wanda ba ka ambata ba don ba ka ɗanɗana shi ba tukuna. Mai albashi bai san ranar da za a wuni ba a yi cinikin kuɗin cefane ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan da ya biyo, masu shaguna da yawa sun ga abin da ba su saba gani ba: ka sayar da katan da riba a lissafinka, ka koma Singa ka tarar kuɗin ba za su sayo maka wani katan ɗin ba. Wasu kunya ta hana su ƙara kuɗi a kan maƙwabta, shago ya riƙa ramewa suna kallo. Wasu kuma tsoron tashin farashi ya sa suka zuba jarinsu duka a kaya ɗaya, farashi ya sauko, kaya ya yi kwantai. Masana sun daɗe da lura cewa zafin asara a zuciyar ɗan Adam ya fi daɗin riba mai girman ɗaya nesa ba kusa ba, shi ya sa mutum kan rungume kayan da ya faɗi yana jiran ya tashi, maimakon ya sayar da 'yar asara ya juya kuɗinsa. Sannan ga abin da ba dabararka a ciki, kamar gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a 2016. Waɗanda suka miƙe bayanta, da yawansu amanar da suka gina ce ta tashe su, dila ya ba su kaya ba ko kwabo saboda ya san halinsu.

Kada kuma ka ɗauka daga maganata cewa kyan hali shi ne kasuwanci. Na san mutane masu sanyin rai da fara'a da suka karye saboda ba su raba aljihun gida da na shago ba, suna cin uwar kuɗi suna zaton riba ce. A nan kai ka fi su, shekara bakwai kana riƙe littafin kuɗi. Iya karantar zuciyar mutane ma wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mutum. Ɗan damfara ya fi kowa iya ta. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, harkar damfarar nan mai alkawarin riba mai tsoka, kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ba duka ne jahilai ba, har da masu digiri. An karanci kwaɗayinsu da tsoron kada a bar su a baya ne. Mutumin da ke kan babur yana kallon motar abokinsa, da miliyan 1 da dubu 800 a asusu, irin wanda suke nema ke nan. Duk wanda ya zo maka a 'yan watannin nan da harkar da za ta ninka kuɗi cikin sati shida, ka ce masa albarka.

Yanzu matarka. Ka je ka ba ta haƙuri yau, kada ka bari sai ka gama karanta sauran shafukan jarida. Bayan haka ka tambaye ta abin da take tsoro, ka yi shiru har ta gama, ko da ta faɗi abin da ba ka so. Da ta ce ka dakata, kai ka ji kamar ta ce ba za ka iya ba, don a ranar kunnenka a kumbure yake. Mai yiwuwa ita kuɗin makarantar yara take gani, da hayar gida, da ranar da za ta nemi na cefane ka ce ba a yi ciniki ba. Ita ce kwastomarka ta farko. In ka kasa sauraron tsoronta ka amsa shi da lissafi, ban ga yadda za ka yi da baƙo ba. Kuma macen da aka yi shawara da ita tun farko takan jure watannin farko masu wuya; wadda aka yi wa gaban kai, ko ta yi shiru, shirun nan ma nauyi ne.

Ga abin da nake so ka yi daga nan zuwa wata shida, kana kan aikinka. Ka karɓo bashin nan. Ka rubuta sunayen, ka fara da wanda ya fi sauƙi, ka je da kanka, ba saƙon waya ba. Bayan gaisuwa ka ce, na zo ne a kan kuɗin nan, ina da buƙatarsu ƙarshen wata, nawa za ka iya ba ni yanzu, sauran kuma yaushe? Daga nan ka kama bakinka. Kada ka cike shirun da cewa ai ba komai in babu. Wannan ita ce jarrabawarka ta gaskiya, ta fi duk wata tambaya da za ka yi mini. Mutumin da ya iya karɓo dubu 240 daga hannun 'yan'uwa da abokai ba a ɓata ba, zai iya riƙe shago a unguwarsu.

Sannan ka nemi wani mai shago da kake girmamawa, ba a layinku ba, ka roƙe shi ka riƙa zama da shi Asabar da Lahadi kana taya shi, ba lada. Ka ajiye girman akawu a gida, ka ɗauko kaya, ka ƙulla sukari a leda, a yi maka tayin banza ka ji yadda wuyanka ke yi. Da dare ka buɗe bayan littafin farashin nan ka rubuta abin da ya ɓata maka rai a ranar, da abin da ka yi, da abin da ya kamata ka yi. In hali ya yi, ka ɗauki kaɗan daga jarin, abin da in ya narke ba zai hana ka barci ba, ka saro kaya biyu ko uku masu gudu ka riƙa kai wa masu ƙananan tebura da yamma. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina ba shi da komai, an yi masa tayin rabin dukiya ya ce a nuna masa kasuwa kawai, abin da ya fara dawowa da shi ɗan cuku ne da man shanu.

Na ƙarshe ya fi wuya. Ka nemi ganin maigidanka shi kaɗai, ranar da ransa ke sake. Ka nuna masa a takarda inda kuskuren ya fito, ka ce masa cikin ladabi in an sake samun matsala kana roƙon a kira ka ofis a yi maka faɗa, kada a yi a gaban yara. Zai iya karɓa, zai iya ƙi. Ko ya ƙi ka samu abin da ka je nema, wato ka faɗi magana mai nauyi ga wanda ya fi ka, muryarka ba ta yi rawa ba, ba ka kuma zage shi ba. Ranar da za ka tafi, ka ba da sanarwa yadda ƙa'idar aikinku ta ce, ka miƙa littattafai a tsabtace, ku rabu hannu biyu. Kano ƙarama ce a wurin ɗan kasuwa, ba ka san ranar da dilan da kake neman kaya a wurinsa zai tambayi tsohon maigidanka halinka ba.

In wata shida sun cika, ka yi istihara, ka zauna da matarka da littafinka, ka ware kuɗin cefanen wata uku ko huɗu waɗanda ba za su shiga shago ba. In har lokacin mai littafin ne ke magana, ka ɗauko takardar daga ƙasan akwati ka karanta. Ina kyautata zaton za ka ga ba za ta miƙu ba, sai ka sake rubuta wata da rana tsaka.

Ka gaishe mini da yayanka, ka ce masa na ce ya ba ka wata shida kafin ya yanke hukunci. Kai kuma ka sake rubuto mini, ka gaya mini nawa ka karɓo daga cikin dubu 240 ɗin, da sunan dangantakar wanda ya fi ba ka wuya.

Baba